Birkin da Ya Kama da Safe Yana Iya Ƙi da Azahar

Lacca ga direbobi, makanikai da masu motocin haya a Falgore, Ƙaramar Hukumar Rogo

 

  

Duk wanda ya taɓa tsayawa a inda aka yi haɗari ya san maganar da ake fara ji: birki ne ya tsinke. Daga nan sai a ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa, a yi jana'iza, a janye motar. Na yi shekaru ina kwanciya a ƙarƙashin motoci, kuma sau da yawa ni ake kira washegari in duba irin wannan mota. In shiga, in taka birki, in ji shi da ƙarfi kamar dutse. In duba bututu, babu wanda ya fashe. In duba mai, yana nan a kofinsa. Mai mota ya dubi direbansa ya ce ƙarya yake yi, barci ya yi. Direba ya ɗaga hannu ya rantse da Allah cewa ya taka har ƙasa bai ji komai ba. Jama'a, a mafi yawan lokuta direban nan gaskiya ya faɗa, ni ma abin da ƙafata ta ji gaskiya ne. Shi ya taka birkin yana da zafi, ni na taka shi bayan ya kwana ya huce. Wannan bambanci shi ne maganar da ta tara mu yau.

Ni kaina a Hawan Kibo na koyi wannan darasi, lokacin ina yaron mota. Wanda ya taɓa bin hanyar Jos zuwa Akwanga ya san wurin: ka baro tudun Jos, hanya ta yi ta gangarawa da kai tana lanƙwasa. Mun yi lodin masara, buhu a kan buhu har ya wuce bodi. Maigidana ya shiga gangarar da babbar giya, ya ɗora ƙafa a birki bai ɗaga ba. Abin da na fara ji wari ne, irin na tukunyar da aka manta a wuta, haɗe da ƙaurin roba. Na leƙa ta taga na ga hayaƙi yana fitowa daga ƙafar baya. Na juyo na dubi maigidana, na ga ya miƙe daga kujera ya tsaya a kan feda da dukan nauyinsa, gumi yana zuba daga haɓarsa, mota kuwa sai ƙara gudu take. Allah ya taimake mu giya ta shiga, injin ya yi kururuwa kamar zai tarwatse, ya goga gefen motar da bangon dutse har muka tsaya. Da na sauko da weji, ban iya kusantar ƙarfen tayar ba saboda hucin da ke fitowa. Muka zauna a gefen titi har la'asar. Da ya sake takawa, birki ya dawo kamar babu abin da ya faru.

To daga ina wannan zafi yake zuwa? Ku tuna yadda muke murza tafin hannu da sanyin hunturu har ya yi ɗumi. Aikin birki ke nan gaba ɗaya. Ƙarfin da mota take tafiya da shi ba ya ɓacewa don an taka feda. Fad ne yake matse faifai, ko lainin ya matse duram, gogayyar ta mayar da wannan ƙarfi zafi, ƙarfe ya sha zafin, iska ta kwashe shi. Muddin iska tana kwashewa daidai da yadda ake zubawa, lafiya lau. Ranar da zubawa ta fi kwashewa, ƙarfe ya ƙoshi, sai matsala ta fara.

Bari in ba ku lissafi da abin da muka sani. Ƙaramar mota mai nauyin tan ɗaya da rabi, da mutanenta da kayanta, tana gudun kilomita 100 a awa. Idan ka tsayar da ita cak, zafin da ya shiga birkinta ya kusa isa ya tafasa ruwa lita 2, kuma cikin 'yan daƙiƙoƙi. Wannan taki ɗaya ke nan. Idan ka ninka nauyin motar, zafin ya ninka. Gudu kuwa ya fi lodi mugunta: wanda ya tashi daga 60 ya koma 120, zafin da zai zuba wa birkinsa sau 4 ne. Yanzu ku ɗauki babbar mota mai tan 30 tana saukowa daga tudu mai tsayin mita 300, direba bai nemi taimakon inji ba. Zafin da zai tara a ƙafafunta ya isa ya tafasa ruwa fiye da ganga guda mai lita 200. Duk wannan wuta a cikin 'yan ƙarafan da mutum ɗaya zai iya ɗagawa ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa da dare za ka ga faifan birki ya yi ja kamar ƙarfe a maƙera.

Idan zafi ya kai haka, fad ne ke fara gazawa. Fad da lainin garin abubuwa ne daban-daban da aka haɗa da wani irin danƙo aka gasa. Da zafi ya haura digiri 300 a ma'aunin Salshiyas, danƙon da ke cikin fad na yau da kullum yakan fara ƙonewa yana fitar da hayaƙi, fuskar fad ta yi santsi. Wannan shi ne warin da na ji a Hawan Kibo. A irin wannan hali feda tana nan da ƙarfinta, kana takawa kana jin ta, amma mota ba ta rage gudu. Idan ka kwance fad ɗin daga baya za ka ga fuskarsa tana ƙyalli kamar bayan tangaran. Wanda ya ga haka ya canza shi, ko da bai cinye ba.

Motoci masu duram, wato manyan motoci da ƙafafun baya na yawancin ƙananan motocinmu, suna da ƙarin larura. Ƙarfe idan ya yi zafi buɗewa yake yi. Duram ya buɗe ya yi nisa da lainin, dole feda ta ƙara nutsewa kafin su haɗu. Idan dama an daɗe ba a yi wa birkin saiti ba, tazarar da ta rage kaɗan ce, zafi ya cinye ta, lainin ya kasa kaiwa. A babbar mota kuma, ƙafar da saitinta ya yi sako-sako ba ta aiki, sai ta bar wa 'yan uwanta nauyin, su kuma su yi zafi da wuri su gaza ɗaya bayan ɗaya.

Amma inda nake so mu daɗe shi ne man birki, domin a nan aka fi cutuwa, kuma a nan gyara ya fi araha. Abin da ya sa ƙafarka take iya tsayar da mota shi ne ruwa ba ya matsuwa. Ka taka feda, masta ta tura mai, mai ya bi bututu ya tura fistin a kowace ƙafa. Tururi kuwa yana matsuwa kamar soso. Da zarar man da ke kusa da ƙafa ya tafasa ya zama tururi, takawarka tururin take matsawa, feda ta tafi har ƙasa, ƙafa ba ta san ka taka ba. Da motar ta huce, tururi ya koma ruwa, feda ta dawo. Wannan shi ne birkin da ke sa a ƙaryata direba.

Ku dubi jikin gwangwanin man birki, za ku ga an rubuta DOT 3 ko DOT 4. Ƙa'idar DOT 3 ita ce sabo kada ya tafasa ƙasa da digiri 205, DOT 4 kuma 230. Sai dai man birki yana da hali guda: yana shan danshi daga iska, ta murfin kofi, ta jikin tiyo, a hankali, damina bayan damina. Idan ruwan da ya sha ya kai kusan kashi 4 cikin 100, DOT 3 yana iya tafasa a digiri 140, DOT 4 a 155. Ku auna wannan faɗuwa, daga 205 zuwa 140, alhali babu ɗigo ɗaya da ya zuba, kofi a cike yake, direba yana dubawa kullum da safe yana cewa alhamdu lillahi. Saboda haka ne kamfanonin ƙera motoci da dama suke cewa a zubar da man birki gaba ɗaya a sa sabo duk shekara 2. Ina tambayar masu motocin da ke zaune a nan, wa ya taɓa yin haka tun da ya sayi motarsa? Abin da muka saba shi ne ciko. Kuma da wane gwangwani? Wanda aka buɗe tun bara aka toshe da leda aka jefa a but, ya riga ya sha nasa danshin.

Kwanakin baya wani matashi ya kawo mini Golf, ya ce, "Baba, birkina da safe garau, amma in na yi sawu biyu sai ya riƙa nutsewa." Na buɗe kofin, na tsoma farin ƙyalle, ya fito baƙi kamar ruwan kwata, da kumfa a kai. Na ce, "Ɗana, me ka zuba a nan?" Ya sunkuyar da kai ya ce mai ya ƙare masa a hanya, wani ya ce ya kaɗa omo da ruwa ya zuba, ya zuba, birki ya kama, shi ke nan bai sake waiwaya ba. Na san ba shi kaɗai ba ne, kuma ba don in kunyata kowa na kawo maganar ba. Ruwan omo yana tura fistin da safe, gaskiya ne. Amma ruwa a digiri 100 yake tafasa, kuma yana sa tsatsa a cikin masta da kalifa. Wanda ya zuba shi ya ɗauki mutum goma, ya ɗauke su ne a kan birkin da zai tafi a gangara ta farko. Haka wanda ya zuba baƙin mai ko man giya: robobin ciki za su kumbura su lalace.

Sai ɗabi'ar da ta fi ba ni tsoro, kuma wannan laifinmu ne mu makanikai: kashe ƙafa. Ƙafa ɗaya tana yoyo, mai mota ya ce babu kuɗi yau, sai a naɗe bututun a daddake, ko a toshe shi da ƙusa, a ce a lallaɓa zuwa ranar kasuwa. Aikin ƙafa huɗu ya koma kan uku, zafin huɗu ya koma kan uku, ga mota tana fizga gefe guda idan an taka. Ranar kasuwa ta zo ta wuce, wata ya wuce, ba a dawo ba. 'Yan uwana masu sana'a, duk wanda ya kashe ƙafa ya karɓi kuɗi, da hannunsa a cikin abin da zai biyo baya. Gara mai mota ya yi fushi ya tafi wani gareji.

Na san abin da wasu ke rayawa: Malam, mu nan ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, ina ruwanmu da Hawan Kibo? Falgorenmu ta Rogo ce, ba ta dajin hanyar Jos ba. Na farko, 'ya'yanmu ne ke jan masara da dawa da rake da shanu zuwa Kudu, kuma yaron da ya koyi tuƙi tsakanin Rogo, Ƙaraye da Gwarzo bai taɓa haɗuwa da gangarar da za ta koya masa tsoro ba sai ranar da ya same ta da tan 30 a bayansa. Na biyu, birki ba ya bukatar dutse kafin ya yi zafi. Ku ɗauki ranar kasuwa da kaka. Golf da aka ƙera don mutum 5 ta ɗauki ninkin haka, but a buɗe an ɗaure buhuna da igiya. Direba yana sauri ya yi sawu uku kafin magariba. Ya taka totur, ga rami, ya taka birki. Ya sake taka totur, ga tudun rage gudu, ga garken shanu, ga mai kurkura ya fito daga gona. Kowane taki garwashi ne ake ƙarawa, kuma babu tazarar da ƙarfe zai huce. A watan Afrilu, da zafin gari ke haura digiri 40, iskar da za ta kwashe zafin ita ma da ɗuminta take zuwa.

Ga kuma laka da ƙura. Bayan damina kalifa takan cije, fad ya ƙi sakin faifai, mota tana tafiya birki yana kame ba tare da an taka ba. Alamarsa a bayyane take: mota ta yi nauyi, tana shan mai fiye da da, kuma idan ka tsaya ka kusantar da bayan hannunka ga tayoyin, ɗaya ta fi sauran huci. Kusantarwa na ce, kada a taɓa. 'Yan acaɓa, ku ma da ku nake: mai ɗora ƙafa a kan birkin baya yana tafiya, lainin ɗinsa a gashe yake tun kafin ya bukace shi.

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, wata tsohuwar ɗabi'a ta dawo da ƙarfinta, wato sa mota a furi a gangara, wasu har su kashe inji. Na san halin da ake ciki, na san abin da ke rage wa direba bayan ya sayi mai ya biya balas. Amma mota a furi ta rabu da babban mataimakinta. Idan tana cikin ƙaramar giya ka ɗaga ƙafa daga totur, injin da kansa yake riƙe ta, kuma shi yana da ruwa da lagireto da fanka da za su kwashe masa zafi, abin da birki ba shi da shi. Kashe inji ya fi muni, domin tukunyar da ke taimaka wa ƙafarka da inji take aiki, taki biyu ko uku ta ƙare, feda ta sandare, sitiyari ya yi nauyi ko ya kulle. A mota mai birkin iska kuma kwamfuresa ta daina tara iska. Man da aka tsira da shi a gangara guda bai kai kuɗin fad ɗaya ba.

Kada a ɗauka wannan ciwon talaka ne kawai. A ranar 22 ga Yuli, 2007, a ƙasar Faransa, wata doguwar bas ɗauke da masu ziyarar ibada 'yan ƙasar Folan ta shiga gangarar Laffrey, wadda aka hana irinta bi. Birki ya yi zafi ya daina kamawa, ta ƙetare shinge a gindin gangarar ta faɗa bakin kogi ta kama wuta, mutum 26 suka mutu. Abin lura shi ne hukumomin can ba su tsaya a kan cewa birki ne ba. Sun bi diddigin giyar da aka sa da gudun da aka shiga da shi da halin da birkin yake ciki, daga baya suka gina shingen da ke hana manyan motoci shiga hanyar. A nan gida, ranar 28 ga Yuni, 2018, tankar fetur ta kama wuta a gadar Otedola a Legas, motoci 54 suka ƙone, aƙalla mutum 9 suka rasu. Aka ce birki ne. Da gwamnatin Legas ta bincika, ta bayyana cewa motar don tan 15 aka ƙera ta, aka mayar da ita tana ɗaukar tan 30. Irin wannan tambaya nake roƙon jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda ke aiki tun 1988, su riƙa yi a kowane haɗari, har na ƙauye: birkin ya ƙi, to me ya sa?

Yanzu ga abin da nake so kowane direba ya tafi da shi. Giya tun a saman gangara ake zaɓenta, kafin mota ta ɗauki gudu, domin in ta ɗauka ƙaramar giya ba lallai ta shiga ba. Tsofaffin direbobi sun koya mana cewa giyar da za ka hau tudu da ita, da ita za ka sauko, in da lodi ma ka rage ɗaya. Mai birkin salansa ya kunna shi. Kada ka jingina ƙafa a feda tun daga sama har ƙasa. Taka sosai gudu ya ragu, ka ɗaga gaba ɗaya, in ya sake taruwa ka sake takawa. In ka ji wari, ko ka ji feda ta fara nisa, ko ka ga kana ƙara ƙarfi mota ba ta amsawa, birki ya gama yi maka gargaɗi. Nemi wuri ka tsaya tun yana da saura. Ka sa giya, yaro ya sa weji, a bar ƙarfe ya sha iska, ko da rabin awa ne ko fiye. Kada a watsa masa ruwa, domin duram ko faifai mai zafi yana iya tsagewa ko ya karkace.

In kuwa abin ya riga ya faru kana cikin tafiya, kada ka kashe inji. Rage giya ɗaya bayan ɗaya. A mota mai amfani da man birki, taka feda ka saki da sauri sau da yawa, wani lokaci ƙarfi yakan taru. A motar iska kada ka yi haka, iskar da ta rage kake zubarwa. Ja birkin hannu a hankali, yatsanka a kan maɓallin, don kada ƙafafun baya su kulle mota ta juya. Danna hon. Idonka ya nemi hawa, ko yashi, ko gonar da aka nome, ko abin da za ka goga gefen mota da shi. Asarar bodi da fenti ana mayar da ita. Bayan an tsira kuma, kada dawowar feda ta ruɗe ka. Man da ya taɓa tafasa a zubar da shi, a sa sabo, a yi bilidin, a duba fad.

Masu motoci, Alhazai, yawancin abin da na lissafa da kuɗinku ake yinsa. Direban da ya ce muku birki yana nutsewa kada a ce masa ya lallaɓa. Idan za ku aika kasuwar Ƙofar Ruwa sayen fad, ku aiki wanda ya san kaya, ku ba shi kuɗin mai kyau, domin fad mai arha da mai tsada duk suna kamawa a gareji, a gangara ake gane su. Masu kaya, buhu biyun da kuke roƙo a ƙara a sama, birki ne zai biya. Fasinjoji, in kun ji ƙauri ku yi magana, in direba ya tsaya don birki ya huce kada ku tashe shi da gori.

Roƙona na ƙarshe ga shugabannin tasha ne. Ku ajiye littafi guda, kowace mota da shafinta, a rubuta ranar da aka canza mata man birki da ranar da aka duba fad da saiti. Motar da aka kashe wa ƙafa kada a ba ta layi sai an gyara. Ni da abokan sana'ata da ke wannan zaure a shirye muke mu zo tasha mu duba kyauta, a fara daga ranar kasuwa mai zuwa. Kafin nan, gobe da safe kowa ya buɗe kofin man birkinsa ya tsoma farin ƙyalle. In ya fito baƙi, kada ya yi lodi sai ya zo mun gani.

Allah ya tsare mu a hanyoyinmu, ya jiƙan waɗanda muka rasa.